Tukunyar da Ta Nemi Jini

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe duk sauran abin da ke kaina, da daminar da na yi ina gadin wata tukunya a Kaduna. Ba tukunyar tuwo ba. Tukunyar ƙarfe ce mai tsayin mutum, mai shan man gas, aikinta kawai ta dafa ruwa ta tura shi cikin bututu ya zaga gida ya ɗumama ɗakuna. Jikokina sun sha jin labarin a bakin mutane, kowa da irin gishirin da yake ƙarawa, shi ya sa na ga gara in faɗa da bakina, in ya so a yi dariyar a gabana.

A lokacin ina saurayi, ban daɗe da barin makarantar Midil ba, aka ɗauke ni aikin gwaji a ofishin da ke kula da gidajen gwamnati. Wata shida aka ba ni. In na yi abin kirki a tabbatar da ni, in ban yi ba in tattara in koma garinmu in ci gaba da yi wa mahaifina zuga a maƙera. Babu abin da nake tsoro a duniya kamar wannan komawar, domin ranar da zan baro gida sai da na bi abokaina ɗaya bayan ɗaya na shaida musu ni da gawayi har abada.

Ina zaune a Kurmin Mashi wajen kawuna. Kullum da safe in saka gajeren wando da doguwar safa, in soke alƙalami biyu a aljihu (ɗayan ba ya rubutu, don ado nake saka shi), in hau keke ina ƙyalli. A ganina duk arewacin kogin Kaduna babu mai Turancina. Ina da wani ɗan ƙamus mai jan bango da ba ya barin aljihuna, kuma duk wanda ya yi maganar iskoki ko sammu a gabana, na ɗauke shi wanda bai waye ba. Har kawuna na taɓa zaunarwa na yi masa doguwar lacca a kan haka. Yana cin tuwo yana kallona har ya suɗe kwano.

Gidan da ake magana yana can unguwar Turawa, a ƙarshen wani layi mai itatuwan mangwaro. Wani Bature ne ya zauna a ciki shekarun baya, matarsa mai ciwon ƙirji, sanyi kaɗan sai ta kwanta. Don ita ya sa aka kawo tukunyar daga ƙasarsu, aka kafa ta a wani ɗan ɗaki a bayan gida, aka ja bututu zuwa kowane ɗaki. A jikin bangon kowane ɗaki akwai wani ƙarfe mai haƙarƙari kamar lagireton mota, ruwan zafi ya bi ta cikinsa, ɗaki ya ɗau ɗumi. Duk da haka matar ba ta tashi ba. A ɗakin ƙarshe ta rasu, mijin ya koma ƙasarsu, aka kulle gidan ya daɗe babu kowa.

To, shekarun nan ne Turawa suka fara sakar wa 'yan ƙasa manyan kujeru. Aka ba da gidan ga wani Malam Isiyaku, babban ma'aikaci, mutum mai ilimin boko da na addini, wanda aka ce ko dariya sai ya auna yake yi. Zai tare da mahaifiyarsa, tsohuwa mai fama da sanyin ƙashi, don haka ya nemi a ta da tukunyar.

Shugabana wani Baturen injiniya ne da muke kira Mai Lofe, saboda lofen taba ba ya barin bakinsa ko yana magana. Kwana biyu ya yi yana kwance-kwance da ɗaure-ɗaure, tukunya ta kama. Zai tafi rangadi na mako biyu, sai ya ce ni zan kula da ita har ya dawo a miƙa gidan, kuma abin da ya tarar shi zai rubuta a takardata. Ya nuna mini wani ɗan abu kamar agogo a bangon falo, mai lamba ɗaya zuwa shida, ya ce in bar allurarsa a kan uku. Ya yi wani dogon bayani a kansa da Turancin cikin hanci, ni kuwa ina ta gyaɗa kai kamar ƙadangare, ban kama ko rabi ba. Ya nuna mini sandar da ake tsomawa a tanki a ga yawan mai, ya ce a yini bai kamata ya sauka ya wuce yatsa biyu ba. Har ya shiga mota ya leƙo, ya haɗa 'yar Hausarsa da Turanci ya ce, "In ta yi ƙara, akwai iska a ciki. Sai ka yi mata bilid. Sau ɗaya, sau biyu, ya isa."

Na ce, "Yassa." Ban san mene ne bilid a wannan wurin ba, amma direba na kallona, kuma ni ba irin yaran da ke tambaya ba ne. Na dai rubuta maganar tasa a littafina na rufe.

Ƙarar motarsa ba ta gama ɓacewa ba na koma falo na tsaya a gaban agogon nan. Uku? A gidan babban mutum, ga tsohuwa mai sanyin ƙashi? Na ce wannan rowar Bature ce kawai. Na murɗa allura har shida, har sai da ta ƙi gaba. Na tsaya ina jin daɗin kaina, ina hango yadda za a shigo a ji gida da ɗumi a tambayi wane yaro ne mai hankali haka.

Ba ni kaɗai ne a harabar ba. Akwai mai gadi, Baba Ɗanladi, tsohon soja da ya je yaƙin duniya a ƙasar Bama ya dawo da ɗingishi. Tun zamanin Baturen farko yake wurin. Mutum ne marar yawan magana, yana da ɗan benci a bakin ƙofa, kuma tun ranar farko na lura da abu guda: da zarar rana ta take tsaka, ba ya taka ko barandar gidan. Na tambaye shi dalili, ya ce ƙafarsa ce ba ta son siminti. Na yi dariya a raina na ce ga wani mai camfin kuma.

Lokacin marka ne. Ruwa ya yini yana tsiyaya, in ya ɗauke sai unguwar ta yi tsit, ba kukan yaro, ba dakan turmi, ba mai talla. Wanda ya saba da hayaniyar Kurmin Mashi, shirun unguwar Turawa kaɗai ya isa ya dame shi. Cikin gidan kuwa duk kujeru an lulluɓe su da fararen zannuwa, ga warin danshi, ga wata tsohuwar tsamiya da ta sunkuyo kan ɗakin tukunyar ta hana rana shiga.

Rana ta uku, wajen azahar, ina zaune a baranda ina gyara rubutuna, sai na ji buf daga bayan gida. Na zaga. Ƙofar ɗakin tukunya a rufe yadda na bar ta, kwaɗo a jiki, makulli a aljihuna. Na buɗe na leƙa ta 'yar tagar gilashin da ke cikin tukunyar, sai ga wuta tana ci, alhali da idona na gan ta a mace da hantsi. Ina tsaye ina kallo, ban taɓa komai ba, ta sake mutuwa da kanta. Na ce wa kaina aikin inji ne, akwai dalili. Dalilin ne dai na rasa, domin yana cikin bayanin nan da na gyaɗa wa kai.

Ina komawa cikin gida na ji ƙwanƙwasa. Ƙwan, ƙwan, ƙwan. Sau uku, a tsanake, daga can ɗakin ƙarshe. Na tsaya cak a tsakiyar falo tsakanin fararen zannuwan nan. Shiru. Sai kuma ta sake, amma yanzu daga ɗakin da ke biye, kamar mai yin ta ya matso. Bayanta wani sauti ya biyo cikin bango, irin na mai kurkure maƙogwaro, ya ja ya ja ya yanke. Ban gudu ba, ina so a rubuta wannan. Tafiya ce na yi da sauri har bakin ƙofa.

Washegari na yi ta maza na bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya. Ko'ina zafi kamar gidan burodi, gumi na bin bayana. Da na tura ƙofar ɗakin ƙarshe sai sanyi ya doke ni. Na dafa ƙarfen bangon. Ƙasansa da ɗumi, amma daga tsakiya zuwa sama sanyi ƙalau, irin sanyin da hannu ba ya son daɗewa a kai. Bututu ɗaya, ruwa ɗaya, gida ɗaya, amma ɗakin da matar ta rasu ya ƙi ɗumi. Ina cire hannuna ƙarfen ya yi ƙwan a ƙarƙashin tafina, tsigar jikina ta tashi gaba ɗaya.

Sannan ga maganar mai. Bature ya ce yatsa biyu a yini. Ni kuwa kullum na tsoma sanda sai in ga ya sauka kusan taƙi guda. Na duba ƙarƙashin tanki, ba ɗigo. Na duba kwaɗo, lafiya lau. Wani abu dai yana shan man nan, kuma ba da cokali yake sha ba. (Ko sau ɗaya tunanina bai je kan allurar da na murɗe ba. Mutum ba ya zargin abin da yake alfahari da shi.)

Daga ƙarshe na sauke girman kai na je na zauna a gefen bencin Baba Ɗanladi, na yi kamar hira ce kawai, na tambaye shi ko ya taɓa jin wani motsi a gidan. Ya dubi ruwan da ke zuba daga indararo. Sannan ya ce shi bai ji komai ba, bai ga komai ba. Abin da kawai ya sani, lokacin da ciwon uwargidan ya yi tsanani har muryarta ta daina fita, in tana son kuku ya zo, cokali take ɗauka ta buga a jikin ƙarfen ɗakinta.

Na ce, "Sau nawa take bugawa, Baba?"

Ya ɗaga yatsu uku, bai dube ni ba.

Ranar ban iya cin abincin rana ba. Na zauna a gindin mangwaro nesa da gidan, na buɗe littafina ina neman abin da zai kama ni, sai idona ya faɗa kan maganar Mai Lofe. In ta yi ƙara, akwai iska a ciki. Na karanta na sake karantawa. Ranar da ya faɗa, iskar da muke shaƙa na ɗauka yake nufi. Yanzu kuwa, da tsamiyar nan a gabana da yatsun Baba uku a kaina, sai maganar ta juye ta zama wata. Bature da bakinsa, da Hausa, ya ce akwai iska a ciki. Na zaro ƙamus na nemi ɗaya kalmar. Ga ta nan ɓaro-ɓaro: zubar da jini, fitar da jini.

Ku tsaya ku ji yadda mai ilimi yake lissafi. Na ce ashe Turawan nan ma suna da nasu tsafin, ɓoyewa kawai suke yi. Na tuna yadda na taso ina jin tsofaffin maƙera suna cewa sabon ƙarfe ba ya zama lafiya sai an ba shi haƙƙinsa, maganar da na sha yi wa dariya. To ga ƙarfe, ga wuta, ga iska, ga umarnin shugaba a rubuce. Har adadi ya faɗa, sau ɗaya, sau biyu. Na ga kuma dalilin da ya sa ya bari sai da ya shiga mota sannan ya faɗa a gurguje. Ai irin wannan magana ba a yin ta a ofis.

Na kai wa Baba fassarata. Ya ce shi dai duk zamansa a soja bai taɓa ganin Bature ya yanka wa mota ko akuya ba, amma kuma Bature ba ya nuna maka duk abin da yake yi. Ya ce ni ne mai Turanci, in haka takarda ta ce, to haka ne. Muka yi shawarar launin zakaran da za a yanka, muka tsaya a kan baƙi tunda tukunyar baƙa ce.

Da sassafe na taka keke har kasuwar Kawo, don kada in haɗu da wanda ya san ni, na sayi baƙin zakara. Na cusa shi a kwando na rufe da rigar ruwa. Duk hanya yana leƙowa, ni kuma ga doguwar safa ga alƙalami biyu, ina gaida mutane da Turanci.

Da rana ta take muka shiga ɗakin tukunyar. Wato ni na shiga, Baba ya tsaya daga waje ya miƙo wuƙa. Wuta na ci, bututu na ta ƙara kamar ana jiran mu. Na durƙusa na take fikafikan zakaran. Bakina ya yi bisimilla saboda sabo, amma zuciyata ta san ba don miya nake yankan nan ba. Na yanka. Na ɗiga jinin a kan babban bututu, ya yi cuu, wani ƙauri ya tashi. Kuma wallahi, a daidai wannan lokacin, wutar ta mutu. Ƙarar ta tsaya. Gidan ya yi shiru har ina jin ɗigar ruwa daga ganyen tsamiya.

Na waiwaya na dubi Baba, ya dube ni. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan shirun ba, domin ƙarar ma da sauƙi, shirun kuwa yana nufin an karɓa. Baba ya ɗauki zakaran ya ce ba kyau a bar nama ya lalace. Na soke gashin fiffike uku a bayan bututu, ban san ma dalili ba, gani na yi kamar ya dace.

Kwana biyu ƙarar ta yi sauƙi, ko kuma ni ne ban yarda na shiga ciki na saurara ba. Rana ta uku ta dawo da ƙarfinta. Bature ya ce sau biyu, don haka na sake komawa Kawo. Baba har ya fara ƙiba. A littafin aiki kuwa na rubuta da kyakkyawan Turancina cewa an yi bilid sau biyu, na ja layi a ƙasa da rula.

Ranar miƙa gida da hantsi motoci biyu suka tsaya. Mai Lofe ya fito daga ɗaya. Daga ɗayar Malam Isiyaku ya fito cikin farar babbar riga, ya zaga ya buɗe wa mahaifiyarsa, Hajiya, 'yar tsohuwa ƙarama mai sanda da ido kamar na shaho. Na durƙusa na gaishe su. Muna shiga falo zafi ya tare mu. Mai Lofe ya nufi bango kai tsaye, ya ga allura a kan shida, ya juyo ya dube ni ta saman lofe, ya mayar da ita uku. A nan ya sake bayanin nan, a hankali wannan karon, Malam Isiyaku na fassara wa Hajiya. Ashe agogon shi ke jin ɗumin gida. In gida ya huce ya kunna wuta, in ya yi ɗumi ya kashe. A kan uku, tukunya takan huta ta sha mai kaɗan. A kan shida kuwa sai ta yi ta ci kamar ba gobe. Ina tsaye ina jin asirin wutar da ke kunna kanta da na man da ke ɓacewa suna tonuwa a lokaci guda, kuma duk biyun sunana ne a jiki.

Ban gama haɗiye wannan ba sai ga ta. Ƙwan, ƙwan, ƙwan, daga ɗakin ƙarshe.

Hajiya ta tsaya da sandarta ta ce, "Wa ke ciki?"

Mai Lofe ya tambaye ni ko na yi abin da ya ce. A nan na ga damar wanke kaina. Na ƙame, na buɗe littafi na nuna masa layin da na ja da rula. Ya gyaɗa kai, ya wuce ɗakin ƙarshe muna biye, ya shafa ƙarfen sama da ƙasa, ya yamutsa fuska. Ya miƙo hannu ya ce in ba shi makullin da na yi aikin da shi. Na ce ba da makulli na yi ba. Ya ce da me? Na laluba ƙugu na zaro wuƙar Baba.

Ya dubi wuƙar, ya dube ni, ya ce in nuna masa inda na yi.

Har yau ina iya ganin jerin nan namu muna zagawa bayan gida, ni a gaba kamar mai jan baƙi zuwa gonarsa. Na buɗe ƙofa na matsa gefe. Ga bututu ya yi baƙi da busasshen jini, ga ƙudaje, ga gashin zakara guda shida a soke a jere. Na yi bayani da Turanci, ban rage komai ba, har launin zakarun na faɗa, da cewa na farkon an karɓa nan take.

Sai na ga kafaɗun Mai Lofe sun fara rawa, fuskarsa ta yi ja, lofen da ban taɓa ganin ya bar bakinsa ba ya faɗi ƙasa. Ya dafa bango yana dariya har da hawaye. Da ya samu numfashi ya miƙa hannu bayan ƙofar, ya ciro wani ɗan makullin tagulla da bai kai gaɓar yatsa ba, yana rataye a ƙusa. Mako biyu ina shiga ina fita ta gabansa.

Muka koma ɗakin ƙarshe. Ya sa makullin a wani ɗan rami a saman ƙarfen, ya murɗa kaɗan. Sai wani dogon huci ya fito, fiiii, kamar wanda ya daɗe yana riƙe da numfashi. Hajiya ta ja da baya tana salati. Hucin ya ƙare, ruwa ya ɗigo, ya rufe. Ya kama hannuna ya ɗora a saman ƙarfen. Ina jin ɗumi yana hawowa a hankali har ya iso tafina.

Ya ce da Hausarsa, "Ka gani? Iska ta fita."

Daga taga muka ji muryar Baba Ɗanladi, wanda yau ƙafarsa ta yarda da siminti, yana cewa, "Ai dama mun ce iska ce."

Malam Isiyaku ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya bayyana wa mahaifiyarsa cewa iskar shaƙa ce ta maƙale a bututu ta hana ruwa wucewa, kuma a bakin masu wannan aiki, fitar da ita shi ake kira da kalmar da yaron nan ya je ya samo wa jini a ƙamus. Sannan ya juyo gare ni, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Samari, man da ka ƙona ba shi ya dame ni ba. Da sunan wa ka yanka?"

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige na ja ta na rufe. Na ce, "Ranka ya daɗe, da sunan Allah na yanka."

Ya ce, "Don wa?"

Wannan ita ce tambayar da nake gudu tun ranar zakaran farko, kuma ga ta an yi mini ita a gaban Bature. Na sunkuyar da kai, hawaye suka zubo a kan alƙalumana biyu. Na riga na hango kaina a maƙera, ina zuga, abokaina na wucewa suna gaishe ni da Turanci.

Hajiya ce ta sa baki. Ta zauna a bakin gadon da aka lulluɓe, ta miƙa tafukanta wajen ƙarfen tana jin ɗumi, ta ce, "Isiyaku, ƙyale ɗan mutane. Ya yi wauta, ya je ya tuba, tsakaninsa da Mahaliccinsa ne. Amma yaron da ya yarda akwai abu a gidan nan, kuma kullum ya zo ya shiga shi kaɗai don kada tsohuwa ta ji sanyi, ni shi nake so ya riƙa duba mini tukunyar." Ta dube ni da idon nan nata ta ƙara da cewa, "Sai dai zan zo da kajina, ɗan nan. Na san adadinsu."

A nan ne Malam Isiyaku ya auna dariya ya yi 'yar kaɗan.

Ba a kore ni ba. Mai Lofe ya ƙara mini wata uku na gwaji, ya sa na wanke bututu da soso, kuma kullum sai na maimaita masa duk umarnin da ya ba ni da Hausa kafin ya bar ni in tafi. Malam Isiyaku ya sa sharaɗi ɗaya, cewa in je da kaina in faɗa wa wanda nake hannunsa abin da na aikata. Na sami kawuna yana cin tuwo, na zauna na zayyana masa komai. Ya saurara har ƙarshe, ya suɗe kwano, ya wanke hannu, sannan ya ce, "To, malam wayayye, ni da ban yi boko ba ko ƙwai ban taɓa fasa wa iska ba."

Kafin mako ya zagayo labari ya gama ofis. Aka sa mini suna Sarkin Fawa, kuma sunan ya bi ni har na yi ritaya. Akwai waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashina shekara da shekaru suna zaton daga gidan mahauta na fito.

Shekara huɗu na yi ina kula da tukunyar nan, allura a kan uku, mai yatsa biyu a yini, kuma Hajiya ba ta rasa ko kaza ɗaya ba. Abin da na koya bai da yawa. Tun daga ranar ban sake cewa "Yassa" ga maganar da ban gane ba, ko da direbobin duniya duka suna kallona, domin kunyar tambaya ta minti ɗaya ce, tawa kuwa ga ta har da jikoki. Amma tunda na yi alkawarin faɗin gaskiya, bari in cika. Har yau in bututu ya yi ƙara a gidana, na san iska ce, na san inda makulli yake. Sai dai in ƙarar ta zo sau uku a jere, nakan fara yin addu'a tukuna, sannan in tashi in ɗauko shi.